Da Yara Uku a Motar Kwana: Gaɓar Northumberland

Daga garin Berwick, a bakin iyakar Ingila da Scotland, zuwa inda kogin Coquet ke zuba a Tekun Arewa, gaɓar Northumberland ba ta fi kimanin mil 40 ba. Direba shi kaɗai zai share ta tsakanin azahar da la'asar, har ya tsaya ya sha shayi. Wannan gajartar ce ta sa na kafe a kanta da muka zauna shirya dogon hutun yara. Abbansu kuwa zuciyarsa na can arewacin Scotland, kan hanyar nan da ake kira North Coast 500, wadda ke tashi daga Inverness ta zagayo ta dawo, mil 516. Kyan hotunanta ba a magana. Na ce masa, "Abban yara, wannan hanya ta waɗanda suka gama raino ce. Kai za ka riƙa kallon duwatsu, ni kuma wuyana a juye ina rarrashi tun safe har dare." Ya ce ai motar gida ce guda, yara za su sake. Na ce sakewa sai an tsaya. Muddin taya na juyawa, kowane yaro a ɗaure yake a kujerarsa.

Nan ne motar kwana ke ruɗin mutane. A hoto ana ganin gado da teburi da murhu da firiji, sai a ɗauka yaro zai kwanta yana birgima ana tafiya. Masu ba da haya ma da yawan gadaje suke tallarta: wannan tana kwantar da huɗu, waccan shida. Uwa ba gado za ta fara ƙirgawa ba, bel za ta ƙirga. Akwai motar da ke kwantar da mutum shida amma kujerun da ke da bel huɗu ne kacal, saura benci ne mai kallon gefe, wanda ba a ɗaura kujerar yaro a kansa. Dokar Birtaniya kuwa ta ce yaro ba zai rabu da kujerarsa ta musamman ba sai ya cika shekara 12 ko ya kai tsawon santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Namu duka ukun ba su kai ba: babbar tana ƙananan azuzuwan firamare, na tsakiya bai shiga ba tukuna, auta ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Kafin mu biya ko kwabo, sai da muka loda kujerun nan uku muka je wurin masu hayar muka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Motar da ta fi burge mu a intanet ita ce ta fara faɗuwa.

Sauran sharuɗɗan na direba ne, kuma ba su da yawa. Lasisin ƙaramar mota na nan ƙasar yana ba mutum damar tuƙa abin da bai wuce kilo 3,500 ba, har da kaya da mutane da ruwan tanki, kuma kowace lita ta ruwa kilo guda ce. Wanda ya zo da lasisin Najeriya wata 12 kawai yake da su daga lokacin da ya zama mazauni, bayan nan sai na Birtaniya. Sai tsayin motar, wanda muka rubuta a takarda muka manna kusa da sitiyari, domin wuraren ajiye motoci da dama a bakin teku suna da ƙarfen da aka gitta a sama, kimanin mita biyu, da gangan don hana irin motarmu shiga.

Da na faɗa wa Hajiya, kakar yaran, a waya, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, me gidan naku ya yi muku da za ku kwashe mini jikoki ku kwana da su a mota? Kuma a bakin ruwa?" Na ce, "Hajiya, hutu ne, haka ake yi a nan." Ta ce, "Allah Ya kyauta. Ki riƙe mini auta da hannu biyu." Ban yi mata musu ba, don a batun ruwan gaskiyarta ta fi tawa.

Ranar tashi ba mu muka zaɓe ta ba. Makarantun Ingila suna rufewa ne a ƙarshe-ƙarshen Yuli su koma farkon Satumba, kuma cire yaro kafin lokaci yana iya jawo tara: tun daga Agustan 2024, fam 80 ne a kan kowane mahaifi game da kowane yaro, ya koma 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tsuntsayen da babbar 'yarmu ta ƙwallafa rai a kansu, fafin masu baki kala-kala da ke ƙyanƙyasa a tsibiran Farne, suna fara barin wurin ne daidai ƙarshen Yulin nan su koma tsakiyar teku. Tsakanin rufe makaranta da tashin tsuntsu, 'yar tazara ce ƙanƙanuwa, kuma duk iyayen ƙasar sun san da ita. Wanda bai kama wurin zango tun cikin hunturu ba, zai sha yawo.

Wurin zango kuwa ba a tsallake shi. Mutane da yawa suna zaton mai motar kwana duk inda dare ya yi masa nan ne gida. A Ingila kusan kowace ƙasa da mai ita, kuma ba ka da ikon kwana a kanta sai da izini. A Scotland ma, dokar 2003 da ta ba jama'a damar yawo da kafa tanti a jeji ba ta haɗa da mota ba. Akwai manyan ƙungiyoyi biyu da suka daɗe suna gudanar da wuraren zango, Camping and Caravanning Club da aka kafa a 1901 da Caravan and Motorhome Club da aka kafa a 1907, sannan akwai ƙananan filaye a gonakin mutane da ba sa ɗaukar fiye da mota biyar. Waɗannan ƙananan sun fi shiru da araha, amma mai yara ƙanana ba shiru take nema ba. Ni injin wanki nake nema, da wurin wanka mai ruwan zafi, da wutar lantarki da za a jona wa mota. Muka kama wuri a kusa da Beadnell, tsakiyar gaɓar, muka mai da shi gida: daga nan babu inda muke son zuwa da ya fi tafiyar minti arba'in. Abbansu ya so a riƙa sauya zango kullum don a ce an yi yawo. Amma tashi da motar kwana ba tada inji ba ne kawai. Sai an naɗe gadaje, an kulle kowace durowa, an rufe gas, an cire wayar lantarki, an sauko daga katakon da aka daidaita taya a kai, sannan a nemo takalmin yaro ƙafa ɗaya. Kafin a gama, rana ta yi tsaka, auta ta fara kukan barci.

Daga Leeds inda muke zuwa can kusan mil 150 ne, a kan babbar hanyar A1. A Gateshead yara suka ga katon mutum-mutumin ƙarfen nan mai fukafukai, Angel of the North, wanda aka kafa a 1998, tsayinsa mita 20, faɗin fukafukansa mita 54. Na tsakiya ya dage cewa jirgin sama ne ya tsaya da ƙafa. A Newcastle muka ratse zuwa unguwar West Road muka cika firiji da naman halal, don na san daga nan gaba ƙauyuka ne. Firijin ɗan ƙarami ne, saboda haka abin da ya fi ceto na shi ne wanda na shirya tun daga gida: soyayyar miyar tumatir da na daskarar, dambun nama, yaji, garin kunu, shinkafa da taliya. Murhu mai kai biyu ya ishi wannan. Abin da ban yarda a yi wasa da shi ba shi ne na'urar da ke ƙara idan iskar gas mai guba ta taru. Ba ta da wari, kuma ɗakin da mutum biyar ke kwana ciki bai kai girman shago ba. Na danna ta a gaban mai hayar na ji kukanta kafin na karɓi makulli.

Kifi kam ba a sa shi a lissafin guzuri, yana can yana jira. Mu da muka taso a kan Malikiyya babu abin da ke cikin teku da ya haramta gare mu, amma soyayyen kifi da dankali na Turawa yana da tambayoyi biyu da ake yi kafin a saya: da wane mai aka soya, domin a arewacin Ingila wasu da kitsen saniya suke suya, sannan ko an zuba giya a ƙullin da aka tsoma kifin. Ba wanda ya ɓata rai da muka tambaya. A ƙauyen Craster kuma ana bandar kifin herin da hayaƙin itacen oak, ƙamshin na tarar mutum tun daga wurin ajiye mota. Na zuba shi a miya da yaji, ranar ba a bar ko loma ba. Daga Craster ɗin ne ake takawa mil ɗaya da 'yan kai a kan ciyawa, tumaki na kiwo dama da hagu, zuwa kangon fadar Dunstanburgh da aka fara ginawa a 1313. Keken jariri ba ya jin daɗin hanyar. Zane na ɗauko na goya auta, wata tsohuwar Baturiya ta tsaya tana tambayata yadda ake ɗaurin ba tare da yaro ya zame ba.

Amma ainihin mai tsara mana yini teku ne. Mu mutanen tudu mun san kogi yana kawowa da damina ya janye da rani; teku kuwa sau biyu yake kawowa sau biyu yake janyewa tsakanin yau da gobe, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jansa. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya kai goma sha huɗu, kwana ɗaya ko biyu bayan nan cikar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. Wanda ke bin kwanan watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin jadawalin a kansa. Yashin da yara suka yi wasa a kai da hantsi, faɗinsa ya fi filin ƙwallo, da la'asar babu shi. Wannan ba abin sha'awa ba ne kawai. Dutsen da aka taka da ƙafa aka je, cikin rabin sa'a sai ya zama tsibiri, ruwa ya zagayo ta baya ba a gani ba.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Lindisfarne, wanda ake kira Holy Island. Tsibiri ne da ake shiga da mota, amma sai teku ya ba da hanya. Titin kwalta ne shimfiɗe a kan yashin teku, sau biyu a yini ruwa yana rufe shi ruf. Hukumar gundumar Northumberland tana wallafa lokutan da za a iya ƙetarewa lafiya, an kuma kafa su a allo a bakin hanyar ta kowane ɓangare. Duk da haka ba a shekara ba a ji wani ya ce bari ya gwada ba. A tsakiyar hanyar akwai wani ɗan ɗaki na katako a kan dogayen ƙafafu, mai tsani, domin wanda ruwa ya cimma ya bar motarsa ya hau ya jira masu ceto. Na nuna wa Abbansu ɗakin ba tare da na ce komai ba. Ya ce, "Na gani." Ranar da muka je, hanyar ta buɗe ne da sassafe za ta rufe bayan azahar, don haka tun dare aka naɗe komai, aka yi karin kumallo a can.

Mazauna tsibirin ba su kai 200 ba, amma tarihinsa ya fi shi girma. A shekarar 635 wani malamin Kirista mai suna Aidan ya zo daga tsibirin Iona bisa gayyatar Sarki Oswald ya kafa gidan ibada a nan. A nan aka rubuta kwafin Linjila mai ado da yanzu ke ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. A 793 mayaƙan Viking daga ƙasashen arewacin Turai suka sauko da jiragensu suka yi wa wurin ɓarna, harin da masana tarihi ke ɗauka a matsayin mafarin zamaninsu a Ingila. Duk wannan ni da Abbansu muka karanta. Yara abin da ya tsaya musu a rai shi ne tsofaffin jiragen kamun kifi da aka kifar a bakin ruwa, aka yi musu ƙofa suka zama ɗakunan ajiya. Ba a yarda a kwana a mota a tsibirin ba, kuma ni tun ana saura sa'a guda hanya ta rufe na tattara kowa. Da yaro ƙarami, "Umma, fitsari" kaɗai ya isa ya cinye minti ashirin.

Yashin Bamburgh shi ne mafi kyan da na taɓa takawa, fari, mai faɗi, ga fadar garin zaune a kan baƙin dutse tana kallon teku. Amma ruwan sanyi ne da shi na gaske: ko a Agusta da kyar yake wuce digiri 15, kuma irin wannan sanyin yana ɗauke wa mutum numfashi da zarar ya faɗa ciki, ko da gwanin iyo ne. Mun saya wa manyan biyu rigar roba ta shiga ruwa, dokar kuma ita ce ruwa ba zai wuce gwiwa ba. Galibin rairayin wannan gaɓar ba su da masu gadin ceto. Inda suke da su, a sauran sassan ƙasar, tsakanin tutoci masu ja da rawaya ake wanka. Balan-balan ɗin hawa ruwa kuwa tun a shago na ce a'a. Iskar Birtaniya yawanci daga yamma take busowa, wannan gaɓa kuma gabas take kallo, wato iskar daga tudu take turawa zuwa tsakiyar teku, da yaron da abin da yake kai. Na koya wa babbar abu biyu har ta haddace: in ruwa ya ja ki, kada ki yi kokawa da shi, ki kwanta rigingine ki buɗe hannuwa, in kin ga wani a ruwa, kada ki bi shi, a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓar teku.

Daga Seahouses, mil uku kudu da Bamburgh, ake hawa jirgin ruwa zuwa tsibiran Farne. An hana sauka a kansu a 2022 da 2023 saboda murar tsuntsaye, aka sake buɗe ɗaya daga cikinsu, Inner Farne, a 2024. Mu zagaye kawai muka zaɓa, don a lokacin ƙyanƙyasa akwai wasu fararen tsuntsaye da ke kai wa mutum sara a ka, ni kuma ga goyo. Mun tarar da fafin ba su gama tafiya ba, suna fitowa daga ruwa da ƙananan kifaye jere a baki. Ga dabbobin sil kwance a kan duwatsu, ƙato-ƙato, suna ɗago kai su dube mu su mayar. Can gaba aka nuna mana hasumiyar fitila ta Longstone, inda a ranar 7 ga Satumba 1838 wata budurwa 'yar shekara 22, Grace Darling, ta hango jirgin Forfarshire ya tarwatse a kan dutse. Ita da mahaifinta suka tuƙa ƙaramin kwalekwale cikin guguwa, aka ceto mutum tara. Shekara huɗu bayan haka tarin fuka ya kashe ta. Kwalekwalen yana gidan tarihinta a Bamburgh, wanda ƙungiyar ceto ta RNLI ke kula da shi. Babbar ta tsaya gabansa ta ce, "Umma, a cikin wannan?" Na tsakiya kuwa bai ga hasumiya ba bai ga tsuntsu ba, yana kwance a cinyar Abbansa, teku ya juya masa ciki.

Dare shi ne jarrabawa. A ƙarshen Yuli a wannan yanki rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, wajen biyar na asuba kuma ta fito. Ka ce wa yaro ya kwanta alhali yana ganin rana ta taga, ga 'ya'yan maƙwabta na wasan ƙwallo! Labulen toshe haske ya fi kowane kaya da muka ɗauko amfani. Kuma da zarar yara sun kwanta, motar ta zama tasu: ba a kunna fitila, ba a buɗe firiji, in mutum ya juya a gado duk motar sai ta girgiza. Mu manya sai mu fito waje da bargo da shayi mu jira magariba. Sallah a kan ciyawa muke yi, muna fuskantar kudu maso gabas, ba gabas ɗin da muka saba a gida ba. Nisan ya wuce na kasaru, wanda ke kusan kilomita 80, amma da yake mun yi niyyar zaman da ya haura kwana huɗu a wuri guda, cikawa muka riƙa yi. A hanya ne kawai muka yi kasaru. Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya, shi ya nuna wa Abbansu yadda ake daidaita mota a kan gangare, kuma da ya lura da lokutan sallarmu sai ya riƙa janye karensa ba tare da an roƙe shi ba.

Akwai aikin da ba ya fitowa a hotunan talla. Masan motar akwati ne da ake zarowa ta waje a kai shi wurin da aka tanada a zubar a wanke, kuma gidan da ake tsarki da buta yana cika shi da wuri fiye da yadda mai hayar ya lissafa. Wannan aiki na bar wa maigida, ya kuma riƙe shi da mutunci. Sai yashi, wanda ke shiga gado da tukunya da kunnen auta. Bokitin ruwa a bakin ƙofa da ɗan tsintsiya suka rage shi, ba su kore shi ba. Wata safiya kuma hazo ya taso daga teku ya rufe komai, sanyi ya sauko, alhali mil kaɗan cikin tudu rana ce tarwai. Irin wannan ranar da ta ruwan sama Alnwick muke nufa. Fadar garin tana hannun gidan Percy tun 1309, a cikinta aka ɗauki wasu sassan finafinan Harry Potter biyu na farko, amma mu tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta fi yi mana rana. An mai da ita kantin tsofaffin littattafai, Barter Books, ga ƙananan jiragen ƙasa na wasa suna zagayawa a saman kantocin. Na tsakiya ya yi sa'a guda kansa a sama, ni kuma na samu na zauna.

Wanda ya ce motar kwana hanyar tsimi ce, bai yi hayarta a hutun makaranta ba. In aka haɗa kuɗin haya da inshora da na ajiya da man dizal da kuɗin zango na kowane dare, da wuya ta fi kama ɗan gida a ƙauye araha. Abin da ake saya da kuɗin daban ne: duk inda aka tsaya akwai bayi, akwai gadon da auta za ta yi ƙailula, akwai ruwan zafi da busassun kaya ga yaron da ya fito daga teku yana karkarwa. A wurina wannan ya biya kuɗinsa.

Ranar mayarwa sai da muka share, muka goge, muka cika tanki, muka zubar da abin zubarwa, mai hayar ya zagaya motar da takardarsa yana duba kowane lungu kafin ya saki kuɗin ajiyarmu. Tun a hanyar gida Abbansu ya fara duba farashin na hannu a waya. Na ce, "Abban yara, layinmu da ƙaramar motar ma sai an yi zagaye uku ake samun inda za a ajiye ta. Wannan a kan rufin wa za ka ɗora?" Ya ce ai dubawa kawai yake yi. Har yau bai goge shafin ba.